'Yata ta cinye WAEC da JAMB da SAT, Harvard za ta ɗauke ta kuwa?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari. 'Yarsa ta gama sakandare a nan Kano da A1 takwas da B2 ɗaya a WAEC, ta ci 341 a JAMB, ta ci 1530 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka. Ita ce shugabar ɗalibai a makarantarsu, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma zo ta ɗaya a wata gasar lissafi ta jiha. Likita take son zama. Wani mai ofishin nema wa yara makarantun waje ya ce masa in dai ya biya, Harvard ko Oxford kamar a aljihu suke. Yana so a gaya masa gaskiya, damarta kashi nawa ce cikin 100.

Alhaji, Allah ya raya ta, ya sa wa karatun nan albarka. Abu na farko, kada ka ba mai ofishin nan ko sisin kwabo. Babu mahaluƙin da zai iya lamunce maka gurbi a Harvard, a Kano yake ko a Abuja ko a can Amurkan kanta, kuma duk fom ɗin da zai cike mata ita ma za ta iya cikewa da hannunta. In ma aka gano wani ne ya rubuta mata bayananta, wannan kaɗai ya isa a soke takardarta, ko da an riga an ɗauke ta. Na daɗe ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na sakandare a garin nan, kuma shekara da shekaru ina zama da yara masu neman irin waɗannan makarantu, don haka zan yi maka magana ba ƙumbiya-ƙumbiya.

A 2022 mutum sama da 61,000 ne suka nemi shiga Harvard don digirin farko, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Kusan kashi 3 cikin 100 ke nan. A shekarar 2022 ɗin, MIT, wata babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, ta karɓi takardu kusan 34,000, ta ɗauki wajen 1,300. Yale da Princeton da Stanford duk kanwar ja ce. Wannan kuwa lissafin kowa da kowa ne, har da 'yan ƙasa. Wanda ba Ba'amurke ba rabonsa ya fi haka ƙanƙanta. Abin da MIT take ɗauka daga duk sauran ƙasashen duniya a shekara bai fi mutum 100 da 'yan kai ba, kuma Sin da Indiya da Koriya da mu duk a cikin wannan ɗan kason muke turereniya.

Na san abin da za ka ce, domin kowane uba shi yake cewa: ai waɗanda aka ƙi ɗin ba su kai tawa ba. To a nan gizo ke saƙar. Mu mun saba da tsarin JAMB, inda ake jera yara bisa maki, a ja layi, wanda ya haye ya haye. Yarinyar da ta ci 341 cikin 400 a nan ta shiga sahun da bai kai 1 cikin 100 na masu zana jarrabawar ba, dole uba ya ɗauka ko'ina ta je haka za a dare mata hanya. Can ba layi ake ja ba. Maki shi ne kuɗin shiga kasuwar, ba shi ne cinikin ba.

Ba hasashe nake yi ba, domin an taɓa buɗe wa duniya cikin rumbun Harvard. Wata ƙungiya ta kai jami'ar ƙara a 2014 kan yadda take zaɓen ɗalibai, aka yi zaman shari'ar a Boston a 2018, maganar ta dangana da Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukunci a 2023 cewa a daina duba launin fata wajen ɗauka. Mu abin da ya amfane mu shi ne takardun da aka baje a gaban alƙali. A shekara guda da masu nema suka haura 30,000, fiye da 8,000 daga cikinsu cikakken sakamako suka zo da shi daga sakandare, ba tabo ko ɗaya, fiye da 3,000 kuma sun ci 800 bisa 800 a ɓangaren lissafi na SAT. Ajin kuwa mutum 1,600 da 'yan kai yake ci. Da a ce maki kawai ake bi, sai a cika ajin sau huɗu da masu cikakken sakamako, a bar wasu a waje suna jira. Ka ga ke nan mafi yawan waɗanda ake cewa a yi haƙuri ba daƙiƙai ba ne. Zakaru ne a garuruwansu, kamar yadda taka take a nan.

Shari'ar ta kuma nuna yadda ake auna takarda. Mai karantawa yana ba da lamba daga 1 zuwa 6, 1 ce mafi kyau, a fannoni huɗu: karatu, ayyukan da ɗalibi ya yi a wajen aji, wasanni, da kuma halin mutum kamar yadda ya bayyana a rubutunsa da wasiƙun malamansa da hirar da aka yi da shi. Lamba 1 a karatu ba ta mai A1 tara ba ce. Waɗanda suke samunta ba su kai 1 cikin 100 na masu nema ba, kuma yawanci yara ne da suka riga suka yi abin da farfesa a fannin zai duba ya jinjina kai. Misali mafi sauƙi shi ne gasar lissafi ta duniya ta 'yan sakandare, wadda kowace ƙasa take tura yara shida kacal, mu a nan ta hannun Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ake tace su. Yaron da ya dawo da lambar yabo daga can, takardarsa ta fita daga tulin sauran. Ko shi ba a ba shi tabbaci, amma maganarsa daban ce. 'Yarka, a yadda ka siffanta ta, ina ganin a lamba 2 za ta zauna a karatu. Matsayi ne mai kyau ƙwarai, sai dai dubbai ne a kansa.

Ka ƙara da cewa ba duk kujerun ne a kasuwa ba. Akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan malaman jami'ar, da waɗanda iyayensu suke ba da gudummawar kuɗi mai tsoka. Masana tattalin arzikin da suka tsefe bayanan shari'ar sun gano cewa cikin Turawa farar fata da aka ɗauka, sama da kashi 40 cikin 100 daga waɗannan rukunai suka fito. Wani binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa in yara biyu suka zo da makin SAT iri ɗaya, ɗan gidan da ke cikin kashi 1 mafi arziki a Amurka ya ninka ɗan matsakaicin gida damar samun kansa a irin waɗannan jami'o'i. Kada abin ya ba ka mamaki. Mu ma a jami'o'in tarayya ba maki zalla ake bi ba: kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka baro a baya a boko. Kowace ƙasa da irin nata rabon.

To kashi nawa? Duk wanda ya yanka maka lamba ya ce 20 ce ko 50 ce, daga kansa ya ƙago ta. Abin da zan iya cewa da yaƙini shi ne ta cancanci ta nema, ba ɓata kuɗin fom ba ne, kuma ta fi matsakaicin mai nema. Amma a kowace ɗaya daga cikin manyan nan, a ce mata a'a ya fi kusa da a ce mata i, nesa ba kusa ba. Sannan ka guji lissafin da wani uba ya taɓa yi min a takarda, wai in kowace jami'a kashi 4 ce, to a nemi goma a samu 40. Ba haka abin yake tafiya ba. Takarda ɗaya ce take zagayawa dukkansu, da wasiƙun malamai iri ɗaya da rubutu iri ɗaya, kuma masu karantawar kusan abu ɗaya suke nema. Raunin da ya kayar da ita a Yale shi zai bi ta Princeton.

Yanzu bari mu zo kan abin da yake hannunku, domin nan ne na ga yaranmu suna asara ba gaira ba dalili.

Wanda zai karanta takardarta mutum ne a wani ofis a jihar Massachusetts, da tulin takardu a gabansa, kuma mintuna kaɗan zai ba ta. Mai yiwuwa ya san Legas, ya san wasu makarantun kuɗi na can da na Abuja da suke turo yara duk shekara. Kano kuwa sai an gaya masa. Suna auna ɗalibi ne da abin da ya samu a inda ya tashi, don haka 1530 daga makarantar da aji ɗaya yake ɗauke da yara 70, ba ɗakin gwaje-gwaje na kirki, wuta sai ta ga dama, ya fi 1530 daga makarantar da ake biyan miliyoyi nauyi. Amma in ba wanda ya rubuta wannan, bai san da shi ba. Shi ya sa makaranta take haɗawa da takarda mai bayanin kanta: yara nawa ne a ajin ƙarshe, nawa suke samun A1 a lissafi, nawa suke wucewa jami'a, ita yarinyar ta nawa ce a cikinsu. Yawancin makarantunmu ba su taɓa rubuta irin wannan ba. Ka je da kanka ka zauna da shugaban makarantar, a rubuta shafi ɗaya mai gaskiya. Haka gasar lissafin da ta ci. Cewa ta zo ta ɗaya a jiha ba ya nuna masa komai sai an ce makarantu nawa suka shiga, zagaye nawa aka yi, wa ya shirya.

Wasiƙun malamai su ne inda aka fi yi mana illa, kuma ba da mugunta ba. Na taɓa riƙe wata a hannuna, ta wani yaro da ban taɓa koyar da mai kaifin kai kamarsa ba. Layi huɗu ce, hatimin makaranta ya fi rubutun girma. Abin da ta ƙunsa shi ne yaron yana da ladabi da biyayya, ba ya makara, ana ba da shawarar a ɗauke shi. Na nemi malamin fiziks ɗin da ya rubuta, muka zauna a teburin mai shayi bayan la'asar, na ce malam, ba ni labarin yaron nan. Nan take ya ajiye kofi ya fara. Ashe yaron ya taɓa gano cewa amsar da ke bayan littafin da suke amfani da shi kuskure ce, ya zo ofis da takarda biyu cike da aiki ya nuna inda marubucin ya zame. Ashe lokacin da malamin ya kwanta rashin lafiya mako uku, yaron ne ya riƙe ajin, ya dawo ya tarar an gama babi biyu. Na ce to me ya hana ka rubuta wannan? Ya ce wallahi bai san irin wannan ake so ba, shi ya ɗauka takardar shaidar hali ce kamar ta neman aiki. Wasiƙa ta biyu da ya rubuta shafi ɗaya da rabi ce, kuma duk wanda ya karanta ta ya ga yaron tsaye a gabansa. Yawancin jami'o'in nan wasiƙar malamai biyu suke so, da ta mai ba ɗalibai shawara ko shugaban makaranta. A zaɓi waɗanda suka san ta a aji, ba masu babban muƙami ba. Wasiƙar kwamishina ko ta wani basarake da bai taɓa ganin littafinta ba ba ta ƙara mata komai.

Sai rubutun da za ta yi da kanta. A fom ɗin Common App, wanda Harvard da Yale da Princeton da ɗaruruwan wasu suke karɓa, babban rubutun bai wuce kalma 650 ba, kowace jami'a kuma tana ƙara nata gajerun tambayoyi. MIT nata fom ɗin daban ne. Mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, musamman 'ya mace, don haka yaranmu sukan faɗa ɗayan rami biyu. Ko dai su ɓuya a bayan manyan kalmomi, su ce za su ceto Afirka daga talauci da cuta, ko kuma su zuba labarin wahala don a tausaya musu. Mai karantawa ya ga irin waɗannan har ya gaji. Yaron nan da na ba ka labarinsa, rubutunsa na farko na ceton Afirka ne. Sai a hira na ji cewa duk Asabar da Lahadi yana kasuwar waya ta Farm Centre a rumfar yayansa yana gyara, kuma kunyar faɗa yake ji, wai kada a ce ɗan gyaran waya ne. Na sa ya kwatanta min yadda yake gane ciwon wayar da ta mutu murus. Ya ce yana ɗora tsinken mita a kan allon, yana bin wutar daki-daki har inda ta tsaya, kuma ya lura masu gyara da yawa canza kaya kawai suke yi har a dace, shi kuwa ba ya iya barci in bai san dalilin ba. Na ce rubuta wannan, yadda ka faɗa min. Ba yabon kai a ciki, amma ka ga yadda ƙwaƙwalwarsa take aiki. Manyan nan duk sun ce masa a yi haƙuri, kada ka ce ban gaya maka ba. Wata ƙaramar kwaleji da bai taɓa jin sunanta ba kafin shekarar ita ta ɗauke shi, ta biya masa komai.

Haddar Alƙur'ani kuwa, wasu iyayen sukan ce a ɓoye, kada a yi wa yarinya wani kallo. Ni ban yarda ba. A duk abin da ka lissafa, babu wanda ya ci shekaru da tashin asuba kamarsa, kuma babu wanda ya fi raba ta da sauran dubban masu A1. Sai dai a fassara shi ga wanda bai san izu sittin ba. Gurbin bayanin kowane aiki a Common App harafi 150 ne kacal, don haka a tafi kai tsaye: surori 114, ayoyi sama da 6,200, da ka, cikin harshen da ba nata ba, a shekaru kaza, tana haɗawa da boko. In ta shiga musabaƙa a faɗi matakin da ta kai. In tana karantar da ƙanana a Islamiyya a faɗi su nawa. Shugabancin ɗalibai ma haka, muƙamin kansa ba ya burge su, abin da ta canza a makarantar da shi suke tambaya.

SAT ɗinta ya isa. MIT ta dawo da wajabcin jarrabawar a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024, don haka ta yi daidai da ta zana. Abu ɗaya zan duba, makinta na lissafi. Yawancin waɗanda MIT take ɗauka daga 780 zuwa 800 suke. In nata ya kai haka, kada ta sake ɓata wata uku da sama da dala 100 don ta ƙara maki 20.

Maganar kuɗi tana shiga cikin damar kanta, ba bayan an ɗauka take farawa ba. Shekara ɗaya a irin waɗannan jami'o'i, da karatu da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000. Kaɗan daga cikinsu ba sa duba aljihun ɗan ƙasar waje lokacin zaɓe, kuma in sun ɗauka suna cike duk abin da gida ya gaza: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth, Bowdoin, daga baya kuma Brown ta shigo. Harvard ta sanar a 2025 cewa gidan da abin da yake samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ba zai biya komai ba, in dai dukiyar da ya mallaka ba ta wuce misali ba. Sauran, irin su Stanford da Columbia da Cornell, suna duba ko ɗan waje yana neman tallafi, kuma neman yana rage masa dama. Ka ga waɗanda suka fi sauƙin biya su ne suka fi wuyar shiga, domin duk wani haziƙin talaka a duniya can ya nufa. Kai da kake ɗan kasuwa ba ka da takardar albashi, za a nemi ka cike wani fom mai suna CSS Profile, a tambaye ka abin da shago yake kawowa, da gida, da fili, da yawan waɗanda kake ciyarwa. Ka fara tattara bayanan banki da na haraji tun yanzu, kuma ka faɗi gaskiya. Kada ka rage don a ƙara tallafi, kada kuma ka kumbura don kare girma.

Akwai abin da mai ofishin bai gaya maka ba, wanda a ganina ya fi duk na baya muhimmanci. A Amurka ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai an yi digirin farko na shekara huɗu, a sake zana wata jarrabawar, a sake neman makarantar likitanci ta wasu shekara huɗun. Da yawa daga makarantun likitancin ba sa ɗaukar ɗan waje sam, masu ɗauka kuma kaɗan suke ɗauka, tallafin kuɗi a wannan matakin ya yi ƙaranci. Ko Harvard ta ɗauke ta gobe, ba likitanci ta samu ba, ilmin halittu ko kemistiri za ta karanta tukuna. Da 341 ɗinta kuwa tana da ƙarfi sosai a neman likitanci a BUK ko ABU, shekara shida in ba yajin aiki, ta yi aikin asibitinta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko a Shika, daga baya ta fita ƙwarewa duk inda take so. Ku zauna da ita ku tambaye ta tsakani da Allah, farar rigar take so ko binciken kimiyya. In rigar ce, hanyar gida ta fi gajarta kuma ta fi tabbas. Ko ma wace ce amsar, kada a saki gurbin JAMB saboda ana jiran Amurka. Sai dai ku karanta dokar kowace jami'a, domin wanda ya riga ya yi nisa a wata jami'ar ana mayar da shi layin masu canjin makaranta, wanda ya fi na sababbin shiga ƙunci.

Oxford da Cambridge lissafinsu daban ne. Su ba ruwansu da shugabancin ɗalibai, fannin da za ka karanta kawai suke tuhumarka a kai, da jarrabawar shiga, sannan hira da malaman fannin a watan Disamba. WAEC kaɗai ba ta isar musu, sai an haɗa da wata jarrabawar mai zurfi irin A-Level ko IB. Ana rufe nema ranar 15 ga Oktoba, kuma ba a neman su biyun a shekara ɗaya. A Ingila ana shiga likitanci daga sakandare, amma gwamnati ta ƙayyade yawan 'yan waje, a Oxford ba su kai 20 ba a shekara, tallafin digirin farko kuma ɗan kaɗan ne. In ba za ka iya ɗaukar nauyin da kanka ba, ka ajiye su sai digiri na biyu, inda tallafi ya fi yawa.

In har kimiyyar take so kuma ta ƙudurta fita, to a tsara jerin makarantun yadda kake tsara kaya a shago. Ba ka zuba jarinka kaf a leshi mai tsada ka bar atamfar da take tafiya kullum. Common App yana ba da damar makarantu 20. A sa uku ko huɗu daga manyan, sauran a baza. Akwai ƙananan kwalejoji da ba a san su a Kano ba amma a can ana ji da su, irin su Amherst da Williams da Bowdoin, inda farfesa da kansa yake koyar da aji na mutum goma sha. Su ma ba sauƙi ne da su ba, amma ƙarin ƙofofi ne. Akwai na mata zalla, waɗanda nake ganin hankalinka da na mahaifiyarta zai fi kwanciya da su: Wellesley a kusa da Boston, wadda ɗalibanta suke iya ɗaukar darasi a MIT, da Smith, da Mount Holyoke, da Bryn Mawr. Akwai Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin karatu daga duk wanda ta ɗauka. Akwai reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi, mai wuyar shiga shi ma, amma ƙasar Musulmi ce kuma kusa da gida. Akwai Ashesi a Ghana, ɗaya daga cikin jami'o'in da gidauniyar Mastercard take ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka a cikinsu. Shawara kyauta kuma tana nan a EducationUSA da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja.

Ana rufe zagayen farko ranar 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu. A wasu makarantun, zagayen farko alƙawari ne, in an ɗauke ka dole ka je, don haka a karanta kafin a danna. Kuɗin fom a yawancin manyan yana kai dala 75 ko fiye kowace ɗaya, amma ana yafewa in makaranta ta shaida cewa zai yi wa gida nauyi. MIT ta saba fitar da sakamako ranar 14 ga Maris, sauran manyan kuma a ƙarshen watan, kuma yakan faɗo ne wajen tsakar dare a agogon Kano. Na ga yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba ta buɗe saƙo biyar a jere a dare ɗaya, duk a yi haƙuri, mahaifinta yana tsaye a kanta ya riga ya gaya wa abokan kasuwa. Kada ka sanar da kowa a Kwari tukuna, kuma ka gaya mata tun yau, da bakinka, cewa ka san yadda lissafin yake.

Samun gurbi kuma ba shi ne samun biza ba. Tun 2025 Amurka take tsaurara wa 'yan Nijeriya sharuɗɗa, dokokin suna canzawa, don haka ka duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadancin kafin ka kashe kuɗi mai yawa, kuma wannan ma dalili ne na sa makarantun da ba na Amurka ba a jerin. Ka ce ta haɗo min sakamakonta na SS1 zuwa SS3, da rabe-raben makin SAT ɗin, da sunayen darussan malamai biyun da take ganin sun fi saninta. Ta kuma rubuto min shafi ɗaya, da Hausa ma ya yi, kan abin da take yi ranar da ba makaranta ba Islamiyya.